Hankali ke gani, ido gululu ne

Mene ne tunani?

Yara, darasinmu na yau a kan wani aiki ne da kowannenku ya riga ya yi tun kafin ya iso makaranta. Ba a yin sa da hannu, ba a yin sa da ƙafa. Sunansa tunani.

Ga misali. Da safe wata yarinya ta ɗauki tulu za ta ɗebo ruwa. Tana fita ta ga hadari ya haɗo daga gabas. Ta ce a ranta: «In na tafi rijiya mai nisa, ruwa zai tarar da ni a hanya, kamar yadda ya yi mini ran nan. Gara in je ta kusa, ko da zan daɗe ina jiran guga.» Idonta ya ga hadari, amma hankalinta ne ya zaɓa mata hanya. Ta tuna abin da ya wuce, ta auna shi da abin da take gani, sannan ta yanke shawara. To, wannan shi ne tunani.

A magana mukan ce mutum ya yi tunani a zuci. Amma wurin da ake wannan aiki shi ne ƙwaƙwalwa, cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato tiya ɗaya ta hatsi ta fi ta nauyi. Duk da haka akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86 a cikinta, suna aika wa juna saƙo dare da rana. Daga ƙarfin da abinci yake ba jiki, ita kaɗai tana cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Don me muke tunani?

Ku dubi tsuntsu. Yadda ya saƙa sheƙarsa bara, haka zai saƙa ta bana. Gara ma haka take gina suri tun zamanin kakanni. Mutum kuwa in ɗakinsa ya yi yoyo bana, baɗi sai ya sake dabara. Yana tambayar kansa abin da ya kawo yoyon, ya gyara.

Da tunani muke gane dalilin abu. Da shi muke hango abin da bai zo ba tukuna: manomi yana ware iri tun da kaka, ya ɓoye shi a rumbu, alhali damina tana da sauran wata shida ko bakwai. Da shi muke zaɓe tsakanin hanya biyu. Da shi kuma muke zama lafiya da mutane, don mai tunani yana auna magana kafin ya faɗe ta.

Hausawa sun ce amfanin hankali aiki da shi. Tunani kayan aiki ne kamar gatari. Gatarin da aka jingine a lungu tsatsa yake yi, wanda ake wasawa ana sara da shi kuwa kullum da kaifi. Yanzu ku saurari wani labari na gaskiya. A nan ƙasarmu ya faru, a jihar Maraɗi, a irin gonakin da kuke ratsawa kowace safiya. Zai nuna muku abin da tunani yake iya yi wa gari.

Lokacin da gonaki suka zama fili

A da, ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Runji tana da itatuwa da yawa. Akwai gawo, da kalgo, da sabara, da geza, da aduwa, da magarya. Sannu a hankali mutane suka ƙaru, gonaki suka ci daji. A zamanin da noman gyaɗa ya bunƙasa, an riƙa koya wa manoma su share gona fes, don garmar shanu ta wuce ba tare da ta ci karo da kututture ba. Har aka ɗauka cewa manomi na ƙwarai shi ne wanda babu ko icce ɗaya a gonarsa.

Akwai kuma wani dalili. Dokar gandun daji ta wancan lokaci ta sa itatuwa da yawa a hannun gwamnati. Manomi yana iya biyan tara in ya sare icce, ko da a gonarsa yake. Sai manoma suka ga babu riba su reni abin da ba za su mora ba. Kowace bazara, lokacin sassabe, sai su sare duk tohon da ya fito, su tara, su ƙone.

Ana nan sai fari ya zo a 1973 da 1974. Ya sake dawowa a 1984, da yunwar da tsofaffi ba su manta ba har yau. Gonaki suka zama fili fetal. Da farkon damina iska takan taso da rairayi, ta yanke ƙaramin hatsi ko ta binne shi. Manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki. Da ya gagara, suka koma ƙona kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su zauna a gona su zama taki.

Gwamnati da ƙungiyoyi sun ga matsalar. Suka ce maganinta shi ne dashen itatuwa. Aka buɗe wuraren renon ƴan itatuwa, aka kashe kuɗi masu yawa, aka dasa. Amma mafi yawan abin da aka dasa ya mutu. Wasu rana ta ƙone su, wasu awaki suka cinye, wasu gara ta ci saiwarsu.

Ranar da wani ya sunkuya ya duba

Cikin masu wannan aiki na dashe akwai wani malamin gona, mutumin ƙasar Ostareliya, sunansa Toni Rinaudo. Yana aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi. Wata rana a 1983 ya ɗauko ƴan itatuwan dashe a mota zai kai ƙauye. Hanya rairayi ce, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyi don kada motar ta kafe. Ransa a ɓace yake, don ya ga wahalarsa ba ta haifar da komi.

Yana tsaye sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Ya sha ganin irinsa, yana ɗaukarsa ciyawa ce ko ƙaramin kurmi marar amfani. Ran nan sai ya matsa kusa, ya sunkuya, ya dubi ganyen da kyau. Ashe ganyen icce ne. Iccen da aka sare tun tuni, kututturensa bai mutu ba, saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa, kowace shekara tana fitar da toho. Ya ɗaga kai ya duba, ya ga irin wannan tsiro ko'ina a gonaki. Wato akwai daji guda a ƙarƙashin ƙasa, yana ƙoƙarin fitowa, mutane suna mayar da shi da adda da wuta.

Ku lura da kyau. Ɗan iccen dashe saiwarsa gajera ce, ba ta kai ga laima ba, shi ya sa rani yake kashe shi. Tohon kututture kuwa yana da tsohuwar saiwa mai zurfi, wadda ta san inda ruwa yake. Ba ya bukatar ban ruwa, ba ya bukatar kuɗi. Abin da yake bukata kawai a bar shi, a gyara shi.

Ga yadda ake yi. In manomi ya zo sassabe, sai ya dubi kowane kututture. Ya zaɓi rassa masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga ɗaya zuwa biyar, ya bar su. Ya sare sauran. Ya kuma rage ƙananan rassan da ke ƙasa-ƙasa a jikin waɗanda ya bari. Abincin da saiwa take rabawa ga rassa ashirin sai ya koma ga kaɗan, su yi saurin tashi. Wannan dabara ita ce ake kira sassaben zamani.

Dariya, da sata, da haƙuri

Kada ku zaci mutane sun karɓa nan da nan. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada a wani ɓangare na gonarsu. Maƙwabta suka yi musu dariya, suka ce ragwaye ne, sun kasa share gona. Wasu suka ce inuwar icce za ta hana hatsi yi. Wasu suka ce itatuwa za su tara tsuntsaye su cinye zangarniya. Da dare kuma akan sace rassan da aka bari.

Da yunwar 1984 ta zo, aka raba abinci a ƙauyuka da yawa na jihar Maraɗi, da sharaɗin kowane manomi ya bar itatuwa a gonarsa. Mutane suka bari don su sami abinci. Da rabon ya ƙare, mafi yawansu suka sare itatuwan. Amma wasu suka tsaya suka yi tunani. Sun ga hatsi bai ƙi yi ba kusa da itatuwan. Sun ga iska ta rage ɓarna. Sun sami itacen girki a bakin gona, da ganyen da dabbobi suke ci. Sai suka ci gaba, ba don an ba su komi ba. Maƙwabcin da ya yi dariya bara, bana ya leƙo ya ga dami, ya tambaya. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, dabara ta bazu.

A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya. Ilmin barin icce a gona ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san gawo tun da daɗewa. Sun san yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabo da rani, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Sun san hatsin da ke gindinsa ya fi kyau, saboda ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka sha inuwa a wurin. A jihar Damagaram manoma da yawa sun rena gawo a gonakinsu da dabarar kansu. Tsohon sani ne ya haɗu da sabon dubawa.

Abin da mutanen Ɗan Saga suka ƙara

Ɗan Saga ƙauye ne a gundumar Agye. Mutanensa sun rungumi sassaben zamani, amma suka ci karo da wata matsala. Mutum ya reni icce shekara biyu, wani ya zo da dare ya sare. Makiyayi ma ya datse rassa don dabbobinsa. Wannan matsala ta fi ƙarfin tunanin mutum ɗaya.

Sai gari ya zauna. Suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Suka sa maza da mata a ciki, da samari, da Fulani makiyaya, don kowa yana da bukata ga icce, kowa kuma yana ganin abin da wani bai gani ba. Suka tsara ƙa'idodi tare, suka yanka tarar wanda ya karya su. Ayyukan raya karkara na Agye, waɗanda asusun FIDA ya tallafa wa, sun taimaka musu. Ƙauyukan da ke kewaye suka yi koyi da su. Daga baya har baƙi daga wasu ƙasashe suka riƙa zuwa Ɗan Saga ganin yadda ake yi.

Gwamnati ma ta sake tunani. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004. A 2020 aka fitar da wata doka musamman a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa.

Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahaman Larwanu, sun so su san iyakar abin da aka samu. Aka ɗauko hotunan ƙasa da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975, aka gwama su da waɗanda aka ɗauka bayan shekara wajen 30. Aka kuma shiga gonaki aka ƙidaya. Lissafinsu ya nuna manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Toni Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. A wannan shekara an ba marigayi Yakuba Sawadogo irinta, wani manomi na Burkina Faso wanda ya rayar da mataccen fako ta hanyar haƙa ƴan ramuka yana zuba taki.

Matakai shida na kyakkyawan tunani

Dubban mutane sun ga wannan tsiro kowace shekara. Duk suna da ido. Shi ya sa aka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Mu koma cikin labarin mu tsinto matakan da aka bi. Kowannenku yana iya bin su.

1. Dubawa. Kallo daban, dubawa daban. Mai kallo yana cewa: «Ga ciyawa.» Mai dubawa yana matsawa kusa, ya taɓa, ya juya ganye, ya tona gindi.

2. Tambaya. Me ya sa iccen dashe yake mutuwa, toho ba ya mutuwa? Matambayi ba ya ɓata. Tambayar da ta fi amfani ita ce mai farawa da «me ya sa» ko «ta yaya».

3. Gwadawa. Manoman farko ba su sa dukan gonarsu ba. Sun gwada a wani ɓangare, suka bar sauran yadda suka saba. Ta haka in an yi hasara ba ta yi yawa ba, kuma akwai abin da za a gwama da shi.

4. Ƙidaya. «Ina jin ya fi kyau» ba hujja ba ce. Dami nawa aka samu nan, nawa aka samu can? Sau nawa aka yi shuka bana, sau nawa bara?

5. Shawara. Mutanen Ɗan Saga sun tara kawunansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Sake ra'ayi. Wannan shi ne mataki mafi wuya. Malamin gona ya yarda cewa dashen da ya sha wahala a kansa ba shi ne mafita ba. Maƙwabcin da ya yi dariya ya dawo ya tambaya. Wanda ya ga hujja ya sake ra'ayi bai faɗi ba, ya ƙaru ne.

Abubuwa masu ɓata tunani

Kamar yadda ƙuduji yake shaƙe hatsi, akwai halaye masu shaƙe tunani.

Na farko shi ne «haka muka tarar». Abin da muka tarar wajen manya yana da daraja, kun ga misalin gawo. Amma share gona fes shi ma an tarar da shi. Sai a tambaya cikin ladabi: «Baba, me ya sa ake yin haka?» In akwai dalili, ka ƙaru da shi. In babu, ku duka kun sami abin dubawa.

Na biyu tsoron dariya. Yaro ya san bai gane ba, amma ya yi shiru don kada ƴan aji su yi masa dariya. Dariya ta minti ɗaya ce, rashin sanin kuwa ya tafi da shi gida.

Na uku gaggawa. Malam bai gama tambaya ba, hannuwa sun tashi. Ku ji tambaya har ƙarshe, ku maimaita ta a ranku, sannan ku amsa.

Na huɗu shi ne ɗaukar abu biyu da suka zo tare a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan. Masassara tana yawa lokacin da ake cin tumu da sabuwar masara. Sai wasu su ce tumu ne yake kawo ta. Alhali lokacin ne ruwa yake kwance a tafkuna da ramuka, sauro yake hayayyafa. Tun a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya gano ƙwayar wannan cuta cikin cikin sauro. Tumu da masassara lokaci ne kawai ya haɗa su.

Na biyar yarda da kowane labari. Yau magana tana yawo a kasuwa, a rediyo, da cikin wayar salula. Kafin ku ɗauka ku kai gaba, ku tambaya: Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa, ko shi ma ji ya yi? Me zai samu in na yarda?

Yadda za mu wasa tunaninmu

A makarantarmu muna karatu da harshe biyu, Hausa da Faransanci. An fara irin wannan makaranta a Damagaram a 1973. Wannan babbar dama ce ga mai son tunani. Shekarar da na fara koyarwa, bayan na fito daga makarantar horon malamai, na rubuta wata jimla ta Faransanci a allo a kan amfanin itatuwa. Yara suka haddace ta, suka rera ta da ƙarfi, na ji daɗi. Washegari na ce wani ya tashi ya faɗa mini ma'anarta da Hausa. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: «Malam, mun iya faɗinta, amma ba mu san abin da take cewa ba.» Laifin nawa ne, ba nasu ba. Tun daga ran nan na gane hadda ba fahimta ba ce. Saboda haka duk abin da kuka koya da Faransanci, ku faɗe shi da Hausa, da kalmominku. Abin da kuka sani da Hausa, ku nemi yadda ake faɗinsa da Faransanci. In ya ƙi faɗuwa, akwai sauran aiki.

Ga wasu hanyoyi kuma:

Ku koya wa wani. In kun koma gida, ku bayyana wa ƙanenku ko innarku darasin yau. Inda bakinku ya tsaya, nan ne ba ku gane ba.

Ku rufe littafi ku tuna. Bayan kun karanta shafi, ku rufe shi, ku faɗi abin da ke ciki, sannan ku buɗe ku duba. Wannan ya fi karanta shafin sau biyar a jere.

Ku riƙe ɗan littafin lura. Ku rubuta ranar da ruwan farko ya sauka, da ranar da hatsi ya fitar da kai, da kuɗin tiya a kasuwa kowane mako. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi.

Ku yi wasannin da ke sa tunani. Mai dara yana hango abin da abokin wasansa zai yi kafin ya ɗaga kara. Kacici-kacici yana koya mana gano kamar da ke tsakanin abubuwa: shanu dubu maɗaurinsu ɗaya, wato tsintsiya. Lissafin ka a kasuwa shi ma wasa ƙwaƙwalwa ne.

Ku zauna da tsofaffi. Kaka ta san sunayen itatuwa da ciyayi waɗanda babu su a littafinmu. Ku tambaye ta, ku rubuta.

Ku kula da jiki. Yaro ɗan makaranta yana bukatar barcin awa 9 ko fiye kowane dare, don cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Ku kwana cikin gidan sauro. Ku ci wani abu kafin ku fito, ko da ɗan koko ne. A gida a yi amfani da gishiri mai sinadarin ayodin, don rashinsa yana rage kaifin ƙwaƙwalwar yara.

Abin riƙewa

Muna tunani don mu gane dalilin abubuwa, mu hango gaba, mu zaɓi hanya mai kyau, mu gyara zamanmu. Ba a haifi kowa da tunani cikakke ba, da aiki yake ƙaruwa. Mai son ya iya tunani sai ya duba da kyau, ya yi tambaya, ya gwada, ya ƙidaya, ya nemi shawara, ya kuma yarda ya sake ra'ayi in hujja ta zo. Manoman jihar Maraɗi sun bi wannan hanya, suka mayar da itatuwa gonakinsu da adda da hankali.

Ma'anar kalmomi

Gululu: dunƙulen yumɓu da ake sa wa mazari na kaɗi. Yana kama da ƙwayar ido, amma ba ya gani.
Kututture: gindin icce da ya rage a ƙasa bayan an sare shi.
Toho: sabon ganye ko reshe da ya fito.
Sassabe: share gona kafin damina.
Fako: ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.
Hujja: abin da ke nuna gaskiyar magana.
Ra'ayi: abin da mutum yake gani daidai ne a ganinsa.

Tambayoyi

1. A wane wuri na jiki ake yin tunani?
2. Ku kawo dalilai biyu da suka sa manoma suke sare toho a da.
3. Me ya sa tohon kututture ya fi iccen dashe jure wa rani?
4. Da aka daina rabon abinci, me ya sa wasu manoma suka ci gaba da barin itatuwa?
5. Don me mutanen Ɗan Saga suka sa mata da makiyaya cikin kwamitinsu?
6. Wasu sun ce itatuwa za su tara tsuntsaye. Ta yaya manomi zai gane ko ɓarnar tsuntsayen ta fi amfanin itatuwan?
7. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ina wannan karin magana ya dace a cikin labarinmu?
8. Ka taɓa sake ra'ayinka a kan wani abu? Me ya sa? Rubuta jimla biyar.

Lissafi

An sami itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Itatuwa nawa ke nan a kowace hekta? In gonar gidanku hekta 3 ce, itatuwa nawa za ta samu bisa wannan lissafi?

Aikin yi

Na farko. Ku rabu ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya ta nemi izinin mai gona kusa da makaranta, ta auna taki 30 a tsaye da taki 30 a kwance. Ku ƙidaya kututturan da suke da toho a ciki. Ku rubuta sunan kowane icce da Hausa, ku zana ganyensa. Wanda ba ku sani ba, ku kai wa wani tsoho ganyen ya faɗa muku.

Na biyu. Kun san ƙwaron da ke huda wake a ajiya. Tun daga 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai riɓi uku, mai suna PICS, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar INRAN ta Maraɗi sun yi aiki a kansa. Sun ce in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su daina ɓarna su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Mu gwada mu gani. Ku samo busasshen wake wanda ƙwari suka fara taɓawa, ku gauraya shi. Ku ɗebi ƙwaya 100, ku ƙidaya masu huji, ku rubuta. Ku cika gorar roba biyu da waken har baki. Ta farko ku rufe ta da murfinta gam. Ta biyu ku ɗaure bakinta da ƙyalle kawai. Ku ajiye su wuri ɗaya a inuwa. Kafin a ajiye, kowa ya rubuta abin da yake zato zai faru. Bayan wata biyu za mu buɗe, mu ɗebi ƙwaya 100 daga kowace gora, mu ƙidaya masu huji, mu gwama da abin da kowa ya rubuta.